Yadda Malami Zai Sa Ɗalibai Su Ƙaunaci Darasin Tarihi

Malamin da yake son ɗalibansa su ƙaunaci tarihi ya kamata ya fara da abin da suke wucewa ta gabansa kullum ba tare da sun kula ba. Idan makarantar a Kano take, sai ya tambayi kowane yaro ta wace ƙofa yake bi, Ƙofar Mata ko Ƙofar Nassarawa ko Kabuga, sannan ya tambaye su dalilin da ya sa magabata suka sha wahalar kewaye gari da badala. Idan suka gama kawo hasashensu, sai ya gabatar musu da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Bayan darasin, ziyara zuwa Gidan Makama ko hawa Dutsen Dala za ta kafe abin a zukatansu fiye da rubutun allo.

Aikin gida kuwa, a tura su wurin tsofaffi. Kowane ɗalibi ya gaida kakarsa ko mai unguwa, ya tambayi asalin sunan unguwarsu, ya rubuto abin da aka faɗa masa da sunan wanda ya faɗa. Wanda ya fito daga Ayagi zai ji labarin Yarabawa, na Tudun Nufawa da na Zangon Barebari da na Agadasawa su ma sunayen kaɗai sun isa su nuna cewa fatauci ne ya tara jama'ar birnin daga nesa. Sau da yawa yara biyu za su kawo ruwayoyi masu karo da juna, kuma a ganina nan ne darasin ya fi daɗi, domin malami zai samu damar koya musu yadda ake auna magana: wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma mene ne ya tsaya masa a rai? Haka za a yi da labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ta Daura, a karanta shi a matsayin ruwayar da aka gada, a bar su su yi mahawara a kai cikin ladabi.

Shekarun da za a haddace kada su yi yawa. A ja layi a allo, a kafa 1804 ta jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo, da 1903 da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, da 1960 ta samun 'yancin kai, sauran al'amura a riƙa rataya su a tsakani.

Shi kansa malamin kada ya tsaya a littafin manhaja. Idan ya samu hutu ya leƙa Arewa House da ke Kaduna ya karanta tsofaffin takardu, kuma a ƙarshen zango ya ware maki ga ɗalibin da ya fi kawo tambaya mai ma'ana.