Ku sa maganaɗisu a madannin mod ɗinku

'Yan'uwa masu amfani da mod ɗin da ba shi da allon lantarki a ciki (mod shi ne na'urar zuƙar sigarin lantarki, wato vape), idan madanninku ya fara maƙalewa, kada ku sayi sabon mod. Ku cire sifirin ɗin, ku sa maganaɗisu biyu masu siffar zobe a gurbinsa.

Sifirin yana gajiya, zafi kuma yana lanƙwasa shi. Su kuwa maganaɗisun, idan ka haɗa su ta fuskar da suke tunkuɗe juna, madannin zai riƙa dawowa da kansa, da laushi.

Fara cire batirin tukuna. Ka auna faɗin madanninka kafin ka sayi maganaɗisun, don girman ya sha bamban. Ka juya su har sai sun ƙi juna, ka ɗiga wa fuskokin biyu alama da alƙalami. Ni ranar farko na sa su a baibai, suka manne, madannin ya zauna a danne. Allah ya so ni babu batir a ciki.

Amma ba kullum dabarar ke ci ba. Idan kana aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera ta Kumasi, garin ƙarfe zai taru a jikinsu, sai ka riƙa gogewa duk mako. Zafin da ya haura digiri 80 na Celsius yana rage musu ƙarfi, kuma in sun faɗi a siminti sukan fashe.

Kuma ba su hana gobara. Idan ledar da ke lulluɓe da batirinka samfurin 18650 ta yage, canza ta. Kulle madannin kafin ka jefa aljihu ka hau trotro, wato motar haya.