Kunnen Bahaushe da harshen Norwe

Idan ka sauka Oslo, babban birnin ƙasar Norwe, abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne rubutu daban, abin da ke fita daga bakin mutane daban. Rubutun ma iri biyu ne, Bokmål da Nynorsk. Kai dai kama Bokmål. Shi akasarin jama'a ke rubutawa, kuma da shi ake koyar da yawancin baƙi a makarantar manya ta ƙaramar hukuma, wadda suke kira voksenopplæring. Haruffansu 29 ne, æ da ø da å ne na ƙarshe.

Amma fa Bahaushe da guzurinsa ya zo. Kai da ka san gashin kai ba gashin nama ba ne, ba za ka rasa jin bambancin "tak" da "takk" ba. Na farko ana jan wasalinsa, rufin ɗaki ke nan, na biyu gajere ne, shi ne "na gode". Karin sauti ma suna da shi. Kamar yadda kukan yaro ya bambanta da kukar miya, haka "bønder", manoma, da "bønner", wake, a bakin mutanen Oslo hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. Baturen Ingila kan sha wuya a nan, kai kuwa gida ka zo.

Haka wajen nuna abin da aka riga aka sani. Muna cewa mota, motar, gida, gidan. Su ma a wutsiyar kalma suke liƙawa: "en bil" ta koma "bilen", "et hus" ya koma "huset", amma ba a furta t ɗin ƙarshen. Jinsi ne dai uku, en da ei da et, kuma dokarsa ba ta da tabbas. Don haka kada ka haddace "hus" tsurarsa, haddace "et hus".

Aikatau ba ya canzawa ko wane ne ya yi aikin: jeg spiser, du spiser, vi spiser, wato ina ci, kana ci, muna ci. Inda gizo ke saƙar shi ne gurbinsa, domin a jimlar bayani dole ya zo na biyu. In ka fara da "i dag", wato yau, sai ka ce "i dag spiser jeg fisk", wato yau ina cin kifi. Kana cewa "i dag jeg spiser" an gane baƙo ne.

Namu ciwon kuma p da f ne. "Far" uba ne, "par" ma'aurata, to sai a kula da leɓe. Rage cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kada "skole" ta zama "sukole". Harafin o sau da yawa kamar u ɗinmu ake faɗinsa, shi ya sa "bok", littafi, ke fita "buk".

Kada karin harshe ya karya maka gwiwa. "Jeg", wato ni, a Oslo "yai" ne, a Bergen "eg", a Trondheim "æ", kuma kowa da nasa yake magana har a talabijin. Kowa "du", wato kai ko ke, ake ce masa, ko da shugabanka ne a wurin aiki. Da farko bakinka zai yi nauyi, amma a wurinsu ba raini ba ne.

Da sun ji kana inda-inda za su juya maka Turanci. Roƙe su a ci gaba da nasu, sannan ka nemi språkkafé, zaman hirar koyon harshe da ake yi kyauta a ɗakunan karatu irin su Deichman a Oslo. Neman zama ɗan ƙasa yana buƙatar matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshen, a jarrabawar baka.