Ƙoƙon kunkuru ya bushe yana tsagewa: abin da na yi wa namu

Kunkurun gidanmu ya girme ni. Tun muna tsohon gida a unguwar Bagalam ta Maraɗi baba ya kawo shi, irin manyan nan na Sahel masu haƙa rami, ga shi yanzu sai mutum biyu ke ɗaga shi. Da muka koma unguwar Zariya na sa aka shafe tsakar gida da siminti, ban tuna da shi ba. Hunturu na shigowa ƙoƙonsa ya yi fari fat, yana ɓarewa kamar tsohon fenti, ga tsaga a gefe.

Inna ta ce, "Ɗan nan, shafa mishi man kaɗe mana, kamar faso ne." Na shafa. Kwana uku ya yi yana ƙyalli, daga nan ƙura ta manne a jikin man, ta cika tsagar. Kada ka yi wannan, ko da man gyaɗa ne.

Likitan dabbobi ne ya fahimtar da ni cewa ƙoƙon nan ba kwano ba ne da aka kifa masa. Ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa, akwai jini da jijiya a ciki, abin da ke sama kuma irin farcenmu ne. Shi ya sa masu huda gefensa su ɗaura igiya ke ba ni haushi: yana jin zafin.

Fara da duba tsagar cikin hasken rana. Farin layi siriri tsakanin gidajen ƙoƙon girma ne, bar shi. Ɓarewar sama kuma bushewa ce. Amma in ka ga jini, ko ka danna wurin ya lotsa, ko yana wari, ka wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, ka zuba Bétadine, maganin wanke rauni, a ruwa har ya yi launin shayi ka goga, ka rufe da bandeji, ka nufi likitan dabbobi a ranar. Ƙuda ne abin tsoro, in ya yi ƙwai a ciki tsutsa za ka tarar. Kada ka liƙe da gam, ƙazanta za ka rufe a ciki.

Namu bushewa ce da ƙaramar tsaga, sai na koma ga ruwa. Nakan zuba mai ɗumi a babbar roba, iya haɓarsa, kada ya rufe hanci, don ba ya iyo. Minti 20, sau 3 a mako, da hantsi in sanyi ya sake. Zai tsoma kai ya sha har ka ji tausayinsa, sau da yawa kuma ya yi kashi a ciki. Zubar, ka wanke hannu da sabulu.

Abin da ya fi yi masa magani rami ne. Na fasa simintin ƙarƙashin dogon yaro, wajen taku huɗu, na zuba ƙasa da yashin gulbi, ina yayyafa ruwa da yamma. Cikin mako guda ya haƙa ya shige. A daji ma haka suke tsira, danshin rami ke riƙe musu ruwan jiki. Da safe ya fito ya sha rana, ita ke sa ƙashinsa ƙwari.

Na kuma hana yara ba shi guntun tuwo da burodi. Ciyawa ce abincinsa, ɗanya ko busassa, da ganyen rama da na kabewa. Sau biyu a mako ina barbaɗa masa ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka lukui.

Sai haƙuri, don ƙoƙo ba ya gaggawa. Namu sai da damina ta kama tsagar ta haɗe, tabon na nan har yau, Inna kuwa ta ce man kaɗenta ne ya yi aiki.