Babi na 6: Bakin Shugaba a Taron Ƙungiya

Darasi na 1: Ki bari ta gama

An zaɓe ki shugabar ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli, ko kuwa ke ce uwar adashi. Madalla. Ranar taro ki riga kowa zuwa. Ki gaida kowace mace da sunan girmamawa: Inna, Hajiya, Yaya, Amarya. Ki saki fuska, don shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. Idan mace ta fara magana, ki bari ta gama. Ko ta yi ta kewaye-kewaye, ko kin san inda ta dosa, ki bari ta gama. Ta yi shiru? Kada ki yi caraf, wataƙila numfashi take yi. Ki ce, "Inna, kin gama?" In ta ce e, sai ki ce, "Mun ji, an gode." Sannan ki faɗi naki.

Mu sake. Ta yi magana, kin yi shiru. Ta tsaya, kin tambaya. Ta ce e, kin gode. Da wuya da farko, amma a hankali za ki iya.

Me ya sa? Matar da aka katse sau ɗaya ba ta ƙara buɗe baki a taro. A bakin rijiya za ta faɗi nata, daga nan zubi ya fara tsallake mako. A Suratu Ali Imrana, aya ta 159, an gaya wa Annabi (SAW) cewa da ya kasance mai kaushin hali da mutane sun watse daga gare shi, aka kuma umarce shi ya yi shawara da su.

Amma wasunku, haba! A aji kun ce kun gane, a taro kuma sai "ke rufa mana baki". Shugabanci aka ba ki, ba bulala ba. Ki bari ta gama.

Darasi na 2: Masu zama a baya

Sabuwar amarya, baƙuwa, da wadda Hausarta ba ta nuna ba, ba za su yi magana da kansu ba. Ki kira sunansu a tausashe: "Amarya, me kika gani?" Wadda ba ta kawo zubi ba, ki same ta a gida. Ban da gori a gaban mutane.

Darasi na 3: Lissafi

Ma'aji ta karanta kuɗin shiga da na fita da ƙarfi. Mai tambaya ta tambaya, ban da dariya.