Darasi na 9: Kifi mai sulke

Duk wanda ya taɓa gyara ƙurungu ya san taurin kansa da ƙayar nan mai soke hannu. To, ƙurungu yana da ɗan'uwa a Amurka ta Kudu, a kogin Amazon da rassansa, wanda ya fi shi shiri. Shi wannan, ƙasusuwa ne falle-falle jere a bayansa da haƙarƙarinsa, sai ka ce dokin sarki da aka ɗaura wa lifidi ranar hawan salla. Ire-irensa sun haura 900.

Bakinsa a ƙasa yake, a zagaye, mai kaurin leɓe. Da shi yake manne wa dutse ko kututture, ruwa ya yi ta gudu bai ɗauke shi ba, yana ta kankarar gansakuka. Da dare ya fi kiwo.

Ga abin mamakin. Idan rani ya yi, ruwa ya ja baya ya ɗumame, sauran kifaye suka fara galabaita, sai ya taso ya haɗiyi iska, tumbinsa ya yi masa aikin huhu. Manyan cikinsu kuwa rami suke haƙawa a gaɓar kogi, macen ta zuba ƙwai, namijin ya tsare bakin ramin har a ƙyanƙyashe. Uba ne na kirki, amma ramukan nan su ke zubar da gaɓa.

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi ne suka yaɗa shi duniya. In ya yi musu girma, sai su sake shi a kogi. Haka ya cika ruwayen Filifin da Florida ta Amurka. A madatsar Infiernillo ta ƙasar Meziko ya mamaye wurin karfasa, ƙayarsa tana yayyaga taru, ga shi ƙashi ya fi tsoka.

Ruwan ɗumi yake so, irin na tabkin Madarumfa. Saboda haka kada a zuba baƙon kifi a tabki ko a Gulbin Maradi. Masunci in ya ga wanda bai sani ba a komarsa, kada ya mai da shi ruwa, ya kai wa ma'aikatan gandun daji su duba.

Aiki: rubuta sunayen kifaye biyar da ake kamawa a Madarumfa, ka ja layi a ƙarƙashin masu gashin baki.