Yadda Ake Auna Ko Dokar Wutar Rana Tana Aiki

Wanda ke son sanin ko dokokin samar da wuta daga rana, iska da ruwa suna yin tasiri, ya fara da karanta takardar kanta, ya ga ko umarni ce ko buri kawai. A shekarar 2013 shugabannin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka amince a Abuja cewa kashi 35 cikin ɗari na ƙarfin wutar yankin zai fito daga irin wannan makamashi a 2020, kashi 48 kuma a 2030. Manyan madatsun ruwa na cikin lissafin. Idan aka cire su, abin da ya rage kashi 10 ne da kashi 19. An bar wa kowace ƙasa ta tsara shirinta, babu tara ga wadda ta gaza, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Bayan haka sai a raba ƙarfin tasha da wutar da take bayarwa. A Nijar, tashar rana ta Malbaza ta 2018 megawat 7 ce, ta Gorou Banda kusa da Yamai, wadda ta fara aiki a 2023, megawat 30. Wannan adadi na tsakar rana ne. Da almuru sai ya faɗi ƙasa warwas, daidai lokacin da gidaje ke kunna fanka da firij, shi ya sa a shekara tashar rana kan ba da wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da za ta bayar da tana aiki dare da rana. Ga kuma ƙura. Duk wanda ya shafa yatsa a kan farantin wutar rana da ke rufin shago a Kasuwar Dole ta Damagaram lokacin hunturu ya ga layin da yake bari, kuma wannan ƙurar wuta take ci. A tambayi kilowat-awa nawa aka samar, wato yawan wutar da aka bayar, kada a tsaya ga megawat.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne wayar da ke ɗaukar wuta. Damagaram tana kan layin da ya taso daga Katsina ta Gazawa, dabam da na Yamai, saboda haka tashar Gorou Banda ba ta haska unguwannin Birni ko Zango ba bayan da Nijeriya ta yanke wuta a Agustan 2023. Jihar Texas ta Amurka ta kafa dokarta a 1999, da tara ga kamfanin da ya saɓa, ta cim ma megawat 10,000 da ta sa wa 2025 tun wajen 2010, ta kuma ja manyan layuka daga yammacinta mai iska zuwa birane. Idan an sanar da sabuwar tasha, a nemi sanin layin da za ta hau, da wanda zai sayi wutar, da farashin da aka rattaba wa hannu.