Kurakuran da aka fi yi wajen auna alkawuran haraji na 'yan takarar shugabancin Amurka

Duk bayan shekara huɗu, idan zaɓen shugaban ƙasar Amurka ya ƙarato, maganar haraji takan cika kafofin yaɗa labarai, kuma mu da muke bibiyar lamarin daga nesa, da 'yan uwanmu mazauna can waɗanda ake cire wannan haraji daga guminsu, mukan tsunduma cikin gardamar wane ɗan takara ne ke tare da talaka, wane ne kuma ke tare da masu hannu da shuni. Abin da ke damuna shi ne yawancin gardamar a kan lambobin da ba a fahimta ba ake yin ta, alhali ƙa'idojin ba su fi ƙarfin mai son ya sani ba.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar cewa idan mutum ya shiga wani matakin haraji, to da wannan kason za a yanki dukkan abin da ya samu. Ina ganin sanin da muka yi wa zakka yana daga cikin abin da ke sa tunaninmu ya karkata nan, domin a zakkar kuɗi, da zarar dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in ake fitarwa daga dukkanta. Harajin kuɗin shiga na gwamnatin tarayyar Amurka hawa-hawa ne. Tun daga 2018 matakansa bakwai ne: kashi 10, 12, 22, 24, 32, 35 da 37 cikin ɗari, kuma kowane kaso yana hawa ne kawai kan ɓangaren kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa.

A ɗauki ma'aikaci marar aure da ya samu dala 65,000 a shekarar 2024. Da farko doka ta yafe masa dala 14,600, saura 50,400. Dala 11,600 na farko za a cire musu kashi 10, wato dala 1,160. Daga nan zuwa 47,150 za a cire kashi 12, wato dala 4,266. Ragowar dala 3,250 kaɗai ne za su fuskanci kashi 22, wato dala 715. Jimillar abin da zai biya dala 6,141 ne, wanda bai kai kashi 10 cikin ɗari na albashinsa ba, duk da cewa za a ce da shi yana matakin kashi 22. Saboda haka idan ɗan takara ya ce zai mayar da matakin ƙoli daga kashi 37 zuwa 39.6, kamar yadda Joe Biden ya yi alkawari a 2020, ƙarin bai taɓa wannan ma'aikaci ba ko da sisin kwabo, kuma wanda ya shafa ma a kan saman kuɗinsa kawai zai ji shi. Gyaran kuskuren shi ne a riƙa tambayar lambobi biyu a kowane lokaci: kason da ke hawa kan dalar ƙarshe, da kason da mutum ya biya daga jimillar abin da ya samu. Na biyun ne yake nuna nauyin da aka ɗora masa.

Daga nan sai mantawa da sauran harajin. A 2012 an naɗi muryar Mitt Romney, ɗan takarar jam'iyyar Republican, yana gaya wa masu ba shi gudummawa cewa kashi 47 cikin ɗari na Amurkawa ba sa biyan harajin kuɗin shiga. Lambar tana kusa da gaskiya a lokacin, sai dai mutane da yawa sun fahimce ta a matsayin cewa rabin ƙasar ba ya biyan komai. Mai aikin albashi ana cire masa kashi 6.2 na asusun fanshon gwamnati da kashi 1.45 na inshorar lafiyar tsofaffi tun daga dalar farko, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya biya kwatankwacin haka. Ma'aikacin da muka yi misali da shi zai biya kusan dala 5,000 ta wannan hanya, ban da harajin jiha da na sayen kaya. Kuma kason nan na 6.2 yana da iyaka: a 2024 yana tsayawa ne a dala 168,600, ta yadda mai albashin dala miliyan ɗaya abin da aka cire masa na fansho bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya na albashinsa ba. Haka kuma masu cewa kashi ɗaya cikin ɗari na masu biyan haraji, wato waɗanda suka fi kowa samu, su ke biyan kimanin kashi 40 na harajin kuɗin shiga gaskiya suka faɗa, amma a kan wannan haraji guda. Wanda yake son ya yi adalci a kwatanci dole ya haɗa harajin duka, sannan ya duba kason da waɗannan attajirai ke kwasa daga kuɗin shigar ƙasar baki ɗaya.

Akwai kuma rashin lura da inda kuɗin ya fito. A 2011 attajirin nan Warren Buffett ya rubuta a jaridar New York Times cewa kashi 17.4 ya biya, ƙasa da kowane ɗaya daga cikin ma'aikatan ofishinsa. Romney ma takardunsa sun nuna ya biya kimanin kashi 14 a 2011. Babu wanda ya karya doka a cikinsu. Ribar da aka samu daga sayar da hannun jarin da aka riƙe fiye da shekara guda tana da nata kason, wanda a lokacin bai wuce 15 ba, yanzu kuma ƙolinsa 20 ne, da ƙarin 3.8 ga masu babban samu. Don haka shirin da ya ɗaga harajin albashi ya bar na jari yadda yake zai fi matsa wa likita da injiniya fiye da mai biliyoyi. Shi ya sa shawarar Kamala Harris a 2024 ta mayar da harajin ribar jari kashi 28 ga masu samun fiye da dala miliyan ɗaya a shekara ta fi cancantar a tsaya a kanta, ko mutum ya yarda da ita ko bai yarda ba, fiye da alkawarin cire haraji daga tukwicin ma'aikatan gidajen abinci, wanda ita da Donald Trump duk suka yi.

Wajen auna wanda ya fi amfana da ragin haraji ma ana yin tuntuɓe. Idan da dala aka ƙirga, kusan kowane ragi zai fi yawa a hannun mai kuɗi, tunda shi ya fi biya tun asali. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne da kashi nawa abin da ya rage a aljihun mutum ya ƙaru. Da cibiyar nazarin haraji ta Tax Policy Center ta auna dokar rage haraji da Trump ya sa wa hannu a Disamban 2017, ta ƙiyasta cewa masu matsakaicin samu za su sami ƙarin kimanin kashi 1.6, kashi ɗaya cikin ɗari da suka fi kowa samu kuma kimanin 3.4. Wannan ya nuna cewa masu cewa matsakaitan ma'aikata ba su sami komai ba sun yi kuskure, kuma masu cewa an raba amfanin daidai wa daida su ma sun yi kuskure.

Tambayar da aka fi tsallakewa ita ce wa zai cike giɓin da ragin haraji ya bari a asusun gwamnati. Harajin fito da Trump ya yi alkawari a 2024 zai ɗora kan kayan waje, har kashi 60 a kan na Sin, mai shigo da kayan ne yake biyansa a tashar jiragen ruwa, kuma galibi yakan ƙara shi a kan farashi, ya sauka a kan mai saye. Da'awar cewa ragi zai bunƙasa tattalin arziki har ya biya kansa ma tana buƙatar hujja. Jihar Kansas ta gwada babban ragi a 2012 a ƙarƙashin Gwamna Sam Brownback, kuɗin shigarta ya yi ƙasa, a 2017 kuma majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyarsa ke da rinjaye a cikinta, ta soke mafi yawansa duk da ƙin amincewarsa.

A tuna kuma cewa Majalisar Dokoki ce ke yin dokar haraji, ba shugaban ƙasa shi kaɗai ba. George Bush babba ya yi alkawari a 1988 cewa ba zai ƙara haraji ba, a 1990 ya sa hannu a kan ƙari. Biden ya nemi harajin kamfanoni ya tashi daga kashi 21 zuwa 28, bai samu ba.

Kuskuren da na fi jin takaicinsa shi ne yin gardamar adalci ba tare da an fayyace abin da kowa yake nufi da kalmar ba. Wani yana ganin adalci shi ne kowa ya biya kaso ɗaya, kamar kashi 17 da Steve Forbes ya yi yaƙin neman zaɓe da shi a 1996. Wani kuma yana ganin adalci shi ne a yi la'akari da ƙarfin mutum. Lissafi ba zai raba wannan gardama ba, domin saɓani ne a kan abin da ya kamata, don haka ya dace kowa ya faɗi ma'auninsa tun kafin a kawo lambobi. Ni dai ina tare da ra'ayi na biyu, saboda idan aka cire dala 3,000 daga mai samun 30,000, kuɗin hayar gida da na cefane aka taɓa, amma dala 100,000 daga mai samun miliyan ɗaya za ta bar shi da 900,000, kuma babu abin da zai canja a tukunyar gidansa.